Ba da Sunanmu Ba

Levenshulme, Manchester
4 ga Maris

Zuwa ga Goggo Raki,

Assalamu alaikum. Goggo, ya gajiyar hidima, ya kuma sanyin Sparkhill? Ni na iso gida lafiya, sai dai mura ta biyo ni daga Birmingham, har yau ina fama da citta da lemon tsami. Na yi waya da Baba jiya, ya ce in gaishe ki da kyau, in kuma gode miki da kika riƙe ni a gidanki cikin makon nan mai nauyi.

Na san in na turo dogon saƙo ta waya cewa za ki yi in rubuto a takarda, shi ya sa na ɗauki biro tun farko.

Goggo, Abdurrahim ya ƙi fita daga raina. Tare muka yi karatu a Zariya. Bara ya zo uni, wato jami'a, a Aston, da sikilarsa da komai, bai taɓa yarda a tausaya masa ba. Ranar Juma'a da safe ya cika. Kafin la'asar asibiti sun gama takardu, ku ma a Ƙungiyar Sutura kun shirya: motar ɗaukar gawa na nan, likkafani na nan, shugabanku Likita Sunusi ya tara masu wanka. Abu ɗaya ya tsaya mana, wato council, ƙaramar hukumar da ke da maƙabartar da muke kai mutanenmu, ta daina binnewa ranar Asabar da Lahadi tun Janairu, wai don rage kashe kuɗi. Litinin kuma aka ce ba wuri. Sai Talata.

Duk wannan kin sani. Abin da ban gaya miki ba shi ne, lambata aka ba mahaifiyarsa a Funtuwa. Kullum sai ta kira, tambayarta ɗaya ce: "Yarinya, an kai shi?" Ran Asabar na ce tukuna. Ran Lahadi na ce tukuna. Ran Litinin sai ta ce, "To a ina yake kwana?" Yaya zan gaya wa uwa ɗanta na cikin firij? Na ce mata yana hannun mutanen kirki. Ta ce gida ya cika da masu gaisuwa, ita kuwa ta kasa zama ta karɓa, don a wurinta bai tafi ba tukuna.

Tunda kika ba ni password na page ɗin Sutura don in riƙa sa sanarwar jana'iza, ban taɓa sa wani abu nawa ba. Jiya na sa. Na ɗora hoton kansilan da ke riƙe da sha'anin maƙabartu, wanda ya kawo tsarin nan. Na rubuta da Hausa da Turanci cewa yana neman komawa kujerarsa a zaɓen Mayu, duk mai son a suturta nasa da mutunci kada ya ba shi ƙuri'a. Na kuma buɗe petition, wato takardar koke, a intanet, na sa hannu a ƙasa: Umaima Jumare, a madadin Ƙungiyar Sutura. Ki ga yadda mutane ke yaɗawa! Na san za ki ji daɗi, don a wurinki na koyi rashin yin shiru.

A gaida ƙawarki Hajiya Batulu, a ce mata har yanzu ina tuna dambunta.

'Yarki,
Umaima

Sparkhill, Birmingham
6 ga Maris

Umaima 'yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya ƙara sauƙin murar, ki daina fita ba ɗankwali mai kauri. Allah ya ji ƙan Abdurrahim, ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Na karanta abin da ta ce miki, sai da na ajiye takardar na ɗan zauna.

A tsaye nake rubuto miki, ana jira na wurin wankan wata baiwar Allah a Aston. Kafin wasiƙarki ta iso na riga na ga abin da kika sa. Na kira ki ban samu ba, don haka na sa Likita Sunusi ya sauke shi, ya kuma canza password.

Maganar nan za a yi ta, amma ba da sunanmu ba. Ki cire sunanmu daga petition ɗin nan tun yau, kada ki kwana da shi. In na samu zama zan yi miki bayani dalla-dalla.

Goggonki,
Raki Jumare

Levenshulme
13 ga Maris

Goggo,

Assalamu alaikum. Barkanmu da shiga azumi, Allah ya karɓi ibada. Mura ta tafi. Karatu na nan yadda yake, supervisor, malamin da ke duba bincikena, na jiran babi na uku, ni kuma kaina ba ya wurin.

Na yi yadda kika ce. Na cire Jumare daga petition, na bar sunan Baba kawai, yanzu Umaima Aminullahi ce a ƙasa. Na cire Sutura ma, tunda an rufe min ƙofa ba tare da an tambaye ni ba.

Ba zan ɓoye miki ba, Goggo, abin ya yi min ciwo. Na san sunan gidanmu yana da nauyi a wurinki, ke kika ɗaga shi a ƙasar nan tun ban zo duniya ba. Amma ban taɓa zaton za ki ga na ɓata shi don na yi magana a kan yaron da ya yi kwanaki a firij ba. Ke da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne, jinin nan ɗaya ne, ban aro sunan a wurin kowa ba. Tun ina ƙarama ake ba mu labarinki a Zariya, wai akwai Goggo a Ingila da ba ta tsoron kowa. Shi ya sa na kasa gane yadda takardar ofis ta fi hawayen uwa ƙarfi a wurinku.

Na ga kiranki, ki yi haƙuri, ba zan iya magana yanzu ba ba tare da na faɗi abin da zan yi nadama ba. Petition na tafiya ba tare da ku ba. Mutane daga Kano, Kaduna, har Jidda suna ta sa hannu.

Ƙarshen makon nan zan tashi daga flat ɗin nan, danshi ya cinye bangon ɗakin. In na natsu zan turo sabon adireshi.

Umaima

Sparkhill
18 ga Maris

Umaima 'yata,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya ƙishirwa? Mu nan lafiya lau, azumin bana ya zo da sauƙi. Ba ki turo sabon adireshi ba, ba kya ɗaukar waya, don haka na aika inda na sani. Allah ya sa ta same ki.

Kai, Umaima! Na karanta wasiƙarki na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya. Da na ce "sunanmu," Sutura nake nufi. Jumare naki ne kamar yadda yake nawa, ki rubuta shi da manyan baƙaƙe a duk inda kike so. Ki mayar da shi yau.

Yanzu ki saurara, akanta mai riƙe lissafin Sutura ce ke miki magana, ba goggo ba.

Sutura ƙungiyar jinƙai ce mai rajista. Saboda wannan rajistar ne hukumar haraji ba ta taɓa abin da muka tara, kuma duk mai biyan haraji da ya ba mu sadaka, tana mayar mana da wani kaso a kai, abin da ake kira Gift Aid. Da wannan ƙarin muke suturta wanda ba shi da kowa. Kabarin Abdurrahim da likkafaninsa daga nan suka fito. Amma akwai sharaɗi. An yarda mu yi magana a kan duk abin da ya shafi aikinmu. Muna iya cewa tsarin rufe maƙabarta kuskure ne, mu rubuta wa council, mu kai musu hujja, mu tara jama'a. Abin da ba a yarda ba shi ne mu ce a zaɓi wane, ko kada a zaɓi wane. Ke kuwa hoton ɗan takara kika ɗora a page ɗinmu, ga zaɓe ya ƙarato. Ba kunyar abin da kika faɗa na ji ba, gaskiya kika faɗa. Tsoron ranar da za a kira mu a ce ga gawar baƙo, mu ce ba mu da halin ɗauka, shi na ji.

Kin san dalilin kafa Sutura? Wani dattijo ɗan Katsina ya rasu shi kaɗai a flat, shekarun baya can. Aka binne shi ba wanka ba salla, ba mu ji ba sai da abin ya daɗe da wucewa. A falona muka zauna, ni da marigayi mijina Alhaji da Batulu da wasu, muka ce ba za a sake ba. Wannan alkawarin nake gadi.

An riga an ɗauki hoton abin da kika sa kafin a sauke. Saboda haka na rubuta wa hukumar da ke kula da ƙungiyoyi irin namu da hannuna, na gaya musu abin da ya faru da matakin da muka ɗauka, kafin wani ya kai musu nasa labarin. Ban sa sunanki ba. Ni na ba da password, ni ce trustee, ɗaya daga amintattun ƙungiya, ni ke da alhakin.

Sai kuma labarin da za ki ji a bakin mutane, gara ki ji daga gare ni. A taron da muka yi ranar Asabar na ajiye kujerar ma'aji, na fita daga cikin trustees. Likita Sunusi ya ce doka ba ta ce in sauka ba, trustee na iya magana da sunan kansa. Haka ne. Amma a garin nan in na yi tari, Sutura ake cewa ta yi tari. Abin da nake son faɗa kuwa ya fi ƙarfin kujerar. Su za su yi nasu a cikin doka, ni in yi nawa a waje. Wanka dai ina nan ina yi, wannan ba ya buƙatar kujera.

Abu biyu game da petition ɗinki. Sa hannun Kano da Jidda yana sanyaya zuciya, amma kansila ba ya jin sa, mazauna yankinsa yake ji. Ki nemo mutanenmu da ke zaune can, kowa ya rubuta wa kansilan unguwarsa da kalmominsa, ya sa sunansa da adireshinsa, ban da kwafe na wani. Na biyu, ɗalibanmu da yawa ba su san ɗan Najeriya da ke zaune a nan bisa ƙa'ida yana da ikon yin rajistar zaɓe ba. Ki gaya musu kafin a rufe.

Fushinki bai dame ni ba. Da ba ki yi ba, da na yi shakkar jinin.

Goggonki,
Raki

Levenshulme
12 ga Afrilu

Goggona,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Ina lafiya, sabon flat ɗin yana bayan Stockport Road, adireshin na jikin ambulan. Ban san ta inda zan fara ba, don haka bari in fara da yadda abin ya zo.

Ranar jajibiri ina cikin bas wata ƙawata 'yar Ghana ta turo min bidiyo, ta ce, "Wannan ba 'yar ƙasarku ba ce?" Na buɗe, sai ga ki tsaye a bakin ƙofar maƙabarta, an rufe da sarƙa, iska na kaɗa mayafinki. Ke da ba kya yarda a ɗauke ki hoto ko a wurin biki! Babban yatsan Hajiya Batulu ya rufe gefen hoton, ana jin ki kina cewa, "Batulu, kin danna kuwa?" ita kuma tana cewa, "Ke dai yi maganarki." Sai kika gyara tsayuwa kika ce, "My name is Raki Jumare, and I speak for nobody but myself."

Goggo, na wuce inda zan sauka ban sani ba. Kika ce kin fi shekara talatin kina wanke matan garin nan, ba ki taɓa tambayar wace jam'iyya suke ba. Kika kira kansilan da sunansa, ba zagi, kika ce ba ki da ƙuri'a a yankinsa amma mijinki na kwance a ƙasarsa. Kika gayyace shi ya zo ya yi Asabar ɗaya tare da iyalin da ke jiran Litinin, ke za ki dafa masa shayi. Sannan kika ba da labarin uwar da ta tambayi inda ɗanta yake kwana, ba ki faɗi sunanta ba. Wata Baturiya da ke kusa da ni a bas ta miƙo min tissue.

Daga nan tsohon flat na wuce. Wasiƙarki na ƙasan tarin takardun talla, ta kusa wata a wurin. A kan matakala na zauna na karanta.

Ki yafe min, Goggo. Na ɗauki kalma ɗaya na gina mata gida na shiga na zauna. Ina nan ina cewa kin ji tsoro, ashe kin ajiye kujerar da kika riƙe tun a falonki, kin kuma rufa min asiri a gaban hukuma. Baba bai san komai ba, ashe ko shi ba ki gaya wa ba.

Na mayar da Jumare. Kwana biyun nan ban yi karatu ba, waya nake ta yi. Na samo iyalai a yankin ta hannun matan da muke group ɗaya, akwai nas-nas, akwai injiniya, akwai wata mai shagon ɗinki. Kowa na rubuta nasa. Wata ta ce min ba ta iya Turancin ofis ba, na ce ta rubuta yadda za ta gaya wa maƙwabciyarta. Nata ya fi na kowa. Ɗalibai kuma ina ta bin su da maganar rajista, wasu har yanzu suna ganin zolaya nake.

Wane ne Mista Asher da ya rubuta dogon sharhi a ƙarƙashin bidiyon, ya ce yana neman lambarki? Kuma me hukuma ta ce? Ki gaya min ko da ba daɗi.

'Yarki mai neman afuwa,
Umaima Jumare

Sparkhill
10 ga Mayu

Umaima 'yata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Maganar yafiya ta wuce tun kafin ki nema, kada ki sake tayar da ita. Na jinkirta amsa ne don ban zauna ba.

Hukuma ta amso. Sun ce sun ga mun gyara da wuri, sun ba mu shawara a kan wanda zai riƙa riƙe page, sun rufe maganar. Rajistarmu na nan.

Asher dattijo ne Bayahude, shi ke kula da jana'izar mutanensu, suna da sashensu a can ƙarshen maƙabartar. Su ma ba sa son gawa ta jira. Ya zo gidana da kek ɗin da matarsa ta yi, muka zauna kamar mun daɗe da sanin juna. Aikinmu ɗaya ne, har ciwon bayanmu iri ɗaya ne.

Sutura ta yi nata yadda ya dace. Ta kira taro a zauren unguwa, ta gayyaci duk 'yan takara, ba a bar kowa ba, aka ba kowa lokaci daidai da na ɗan'uwansa. Likita Sunusi bai nuna inda ya karkata ko da ƙiftawar ido ba. Ni kuwa ina cikin jama'a a kujerar baya, na ɗaga hannu kamar kowa.

Na san kin ga sakamako. Mutumin ya ci zaɓensa. Batulu ta ce kin kira ta kina kuka. Share hawayenki ki ji sauran. Shekaranjiya ya kira mu ofishinsa, ni da Asher da Likita. Ga wasiƙun mutanenki a gabansa, ya ja layi a jikin wasu. Ya ce da ƙungiya ta fito ta yaƙe shi, da yanzu lauyoyi ke magana, amma wasiƙar maƙwabci ba a kai ta wurin lauya. Ya ce ba zai iya buɗe kwana biyu ba, masu haƙar kabari ma suna da iyali. Zai nemi a buɗe rana ɗaya, gwaji. Mu zaɓa.

Likita ya buɗe baki zai ce Asabar, don ita mutanenmu ke ta kira tun farko. Na dubi Asher, ya sunkuyar da kai. Su addininsu ya hana su binnewa ranar Asabar. In aka ba da Asabar, mun samu, shi ya tashi hannu wofi, bayan shi ya kawo rabin mutanen da suka cika zauren nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, Lahadi." Likita ya harare ni, na harare shi. Da muka fito ya ce, "Hajiya, za su cinye ki ɗanya." Na ce na sani.

To, sun fara. Ki ci gaba da karatunki, babi na uku ba zai rubuta kansa ba.

Goggonki,
Raki

Levenshulme
19 ga Mayu

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina samun hutu. Ni lafiya, na miƙa babin, supervisor ya ce da sauran gyara amma ya yi murmushi.

Na ga abin da ake rubutawa a groups. Wai kin sayar da Asabar ɗin Musulmi. Wai tsufa ne. Wani da bai taɓa ɗaukar makara ba ya yi voice note mai tsawo a kanki. Da farko ni ma raina ya sosu, don Abdurrahim ranar Juma'a ya rasu, Asabar ce za ta fi masa. Sai na zauna na yi tunani. Wanda ya rasu Juma'a zai ƙara kwana ɗaya, wanda ya rasu Asabar kuma zai rage ɗaya. Mu ba mu yi asarar komai ba, su kuwa sun samu komai. Ke kin ga wannan a tsaye, cikin daƙiƙar da Likita ya buɗe baki.

Amma na san ba lissafin ne ya sa ki ba. Ko da akwai asara, Lahadi za ki ce.

Na ba su amsa, da sunana cikakke, a nawa shafin. Ban zagi kowa ba, kin ga na fara koyo. Wasu sun fita daga group, wasu sun kira ni a ɓoye sun ce gaskiya ne. Ke dai kada ki karanta, ki bar min su.

Taki,
Umaima

Sparkhill
8 ga Yuli

Umaima 'yata,

Assalamu alaikum. Ya zafi? Bana har mun ga rana. Ina gaishe ki, Batulu na gaishe ki, Asher ma ya ce a gaida "the young lady from Manchester."

Council ta amince, jiya aka fara. Ga yadda ta kasance.

Wata mata ce, Jamilatu, 'yar Gusau, ta zo wurin ɗanta jinya. Ta rasu ranar Asabar da hantsi. Muka yi mata wanka jiya da safe, aka yi salla bayan azahar, aka ɗauke ta. Ni da Batulu muka bi su a mota muka tsaya a bakin ƙofa, a daidai inda muka yi bidiyon nan. Ba sarƙa. Muna zaune sai ga wasu motoci sun shigo a jere, maza da baƙaƙen huluna, Asher na gaba. Su ma nasu suka kawo. Ya hango ni ta gilashi, ya ɗora hannu a ƙirji, na ɗora nawa. Suka yi hagu, namu suka yi dama.

Da aka gama, ɗan matar ya fito, ƙasa duk a gwiwar wandonsa. Ya jingina da motarmu bai san da mutane a ciki ba, ya kira gida. Na ji ya ce, "Baba, an kai ta." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Batulu ta kama hannuna ta matse har na ji zafi.

Zafin nan shi ne sauran maganata. Na daɗe ina ɓoyewa, yatsuna sun fara ƙin lanƙwasuwa. GP, likitata, ta ce sanyin ƙashi ne, ba abin tsoro ba, amma ba ya komawa baya. Jiya na kasa ɗaure likkafani, sai Batulu ce ta ɗaure, ita ma ba yarinya ba ce. Kujera na ajiye ta da kaina, ban ji komai ba. Wankan nan kuwa ba na son in ajiye shi a ƙasa, so nake in miƙa wa wani.

Bakinki na ji shi, alƙalaminki na gan shi, duk sun yi. Saura hannunki. Jirgin ƙasa daga Manchester ba nisa. In kin samu sarari ƙarshen wata, ki zo ki kwana biyu. Ba sai kin zo da komai ba, akwai atamfar aiki a nan. Ki dai yanke farce kafin ki taho.

Goggonki,
Raki Jumare